Jawabi a Kan Jinin Yaran da Wuta ke Faɗo wa Daga Sama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci rai, ya sanya masa alfarma, ya hana a taɓa shi sai da haƙƙi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai iyayenmu, da ku gardawa da almajirai na Gaya da na Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su. An nemi in yi magana a wannan zama a kan yaran da igwa da jirgin sama suke kashewa cikin yaƙin da 'yan ƙasa ɗaya suke yi da junansu. Ni ba soja ba ne, ban kuma shiga makarantar boko ba. Abin da ke hannuna shi ne littattafan da muka gada daga malamanmu, da labarin da ya tabbata har masu abin suka amsa shi da bakinsu. Da waɗannan biyu zan yi magana.

Ku sani kalmar basasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Asalinta sunan wata mace ne cikin Larabawan Jahiliyya, Basusu, wadda saboda taguwa guda da aka harbe, Bakru da Taglibu, 'ya'yan mutum ɗaya, suka yi shekara arba'in suna kashe juna. Kakanninmu kuwa sun ga tasu da idonsu daga 1893 zuwa 1895, sa'ad da Yusufawa da Tukurawa suka raba Kano biyu. Yusufu ya fito ya sauka Takai, nan kusa da mu, ya rasu a Garko, aka naɗa Alu Babba, Tukur kuma aka kashe shi. An ci garuruwa, an ƙone rumbuna, an kama yara an sayar. Mugun zamani ne, ba mai yabonsa. Amma mai takobi da mai mashi na wancan lokaci yana ganin fuskar wanda ke gabansa. In ya sari yaro, ya san yaro ya sara, ba shi da wata hujja da zai kawo.

Yau abin ya sake. Mai harbi yana nesa, wani lokaci ma yana wani gari dabam, yana zaune a ɗaki gaban allon gilashi, jirgin da yake sarrafawa kuwa ba mutum a cikinsa. Da dare, idon jirgin nan zafin jiki yake gani, ba fuska ba. Yana ganin taro, yana ganin wuta, yana ganin babura a jere. Ba ya rarrabe allo da bindiga, ba ya jin ko tilawa ake yi. To, a nan ne wata sabuwar kalma ta shigo bakin masu iko, watau kuskure. Da ita ake rufe magana, a yi ta'aziyya, a watse. Ni kuwa ina gaya muku, a shari'a kuskure ba ƙarshen magana ba ne, babi ne mai zaman kansa, da hukuncinsa da ƙididdigarsa.

Mu fara da abin da ya auku. Ran Lahadi da dare, 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri, wani ƙauye a ƙasar Igabi ta Jihar Kaduna, suna taron maulidi, sai jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya sako musu bom. Waɗanda suka tsira da waɗanda ke cikin gidaje suka sheƙo suna tsince 'yan'uwansu, suna cikin haka aka sake sako na biyu. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. Ƙungiyar Amnesty ta ce waɗanda suka mutu sun kai 120. Mata da yara ne suka fi yawa, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san taron ƙauye, domin yara su ne ke gaba, su ne ke zaune a ƙasa tsakiyar fili, manya suna gefe. Aka kwashi masu rauni zuwa asibitin Barau Dikko a Kaduna. Sojan sama suka ce ba su ba ne. Sa'an nan sojan ƙasa suka amsa, shugabansu na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da ƙafarsa ya ba da haƙuri, Shugaba Bola Tinubu ya yi umarni a bincika. A watan Mayu 2024 hedikwatar tsaro ta ce za a kai mutum biyu kotun soja.

Na san a cikinmu akwai masu magana a kan maulidi, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Ba wannan ya tara mu yau ba. Ba a kuma taɓa samun malami ko ɗaya da ya ce saɓani a kan maulidi yana rage ko ƙwayar gero daga diyyar mai yinsa ba.

Kafin Tudun Biri akwai Nacade, ƙauye a ƙasar Madarumfa ta Maraɗi, cikin Nijar, dab da iyaka. A watan Fabrairu 2022 jirgin da ke bin 'yan bindiga daga wajen Najeriya ya jefa wuta a can. Gwamnan Maraɗi ya ce yara bakwai sun mutu, biyar sun ji rauni, iyayensu suna wajen wani biki, su kuwa suna wasa. Bayan wata biyu, a Kurebe ta ƙasar Shiroro, mutanen gari suka ce yara shida jirgi ya kashe musu. Kafin waɗannan duka akwai Rann, a Kala Balge ta Barno, ran 17 ga Janairu 2017. Dubban mutane ne da suka gudo daga Boko Haram suka fake a can, likitoci suna cikin yi wa yaransu allurar ƙyanda, jirgin sojan sama ya zo ya jefa bom sau biyu. Har ma'aikatan Red Cross suka mutu a ciki. Binciken soja ya ce mutum 112, ya kuma ce sababin abin shi ne ba a sa wa wurin alama a taswirarsu ba. Ku riƙe wannan magana ta taswira, za mu komo gare ta.

Kada wani ya ce wannan duk nesa ne da Kano. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna Disamba 1980, sa'ad da fitinar Maitatsine ta fi ƙarfin 'yan sanda, soja suka kewaye 'Yan Awaki a tsakiyar birni suka yi ta harba manyan bindigogi a ciki. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177. Cikin waɗanda Marwa ya tara kuwa akwai almajirai ƙanana masu yawa, waɗanda iyayensu suka ba da su don karatu, ba su san me ake ciki ba. Wa ya rubuta sunayensu? An tona rami an zuba, iyaye a ƙauye suka yi ta jira har suka gaji. Sa'an nan a yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, a filin jirgin Kano aka sauke jiragen yaƙin da aka samo daga Rasha, waɗanda daga baya suka jefa wuta a kasuwanni da asibitoci a ƙasar Ibo. Yaran da suka mutu a can ba yaranmu ba ne ta wajen harshe da addini, amma za ku ji a gaba cewa hanin da aka yi tun asali a kan 'ya'yan waɗanda ba Musulmi ba aka yi shi.

Ga kuma 'yan'uwanmu na Sudan. Ba gida a ƙasar nan da ba shi da labarin wani kaka da ya tafi hajji a ƙasa ya zauna a hanya. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da waɗanda suka tsira daga Burmi a 1903. Hausawa suna nan a Damazin da Gadarif da Kasala da Hartum. Ran 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya tashi tsakanin sojan ƙasar ƙarƙashin Burhan da dakarun Hamidti da ake kira RSF, duka biyu masu salla ne, alƙibla ɗaya. Wannan ya jefo bom daga sama, wancan ya harbo igwa daga ƙetaren kogi, unguwannin talakawa suna tsakiya. Hukumar yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce cikin kwana 11 na farko kaɗai yara 190 suka mutu, 1,700 suka ji rauni, wannan ma waɗanda aka kai asibiti ne kurum. Garin Alfashir kuwa an tsare shi tun Mayu 2024 ana yi masa ruwan wuta har ya faɗi a Oktoba 2025.

Me ya sa yaro ya fi babba mutuwa a irin wannan? Na tambayi masu aikin asibiti, suka ce bom ba da wutarsa kaɗai yake kisa ba, ƙarfensa ne ke tarwatsewa ya bazu ƙasa-ƙasa. Tsinin da zai sami babba a cinya, yaro a ƙirji ko a ka zai same shi. Jinin jikin babba ya kai lita biyar, na yaro ɗan shekara shida kuwa bai fi ɗaya da rabi ba, abin da babba zai zubar ya rayu har a kai shi gari, yaro ya ƙare a hanya. Sa'an nan ga halin yara da kuka sani: babba ya ji ƙarar jirgi ya nemi mafaka, yaro ya ji ya fito fili yana ɗaga kai yana nuna shi da yatsa.

To, mu komo ga littafi. Asalin hukunci a nan sananne ne, ba mai jayayya a kansa. An sami wata mace a kashe a ɗaya daga yaƙoƙin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, sai ya ƙi wannan, ya hana kashe mata da yara. Ibnu Umar ne ya ruwaito, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Matan mushirikai da 'ya'yansu ake nufi, waɗanda iyayensu suka fito da makami. Sayyidina Abubakar, da zai sallami Yazidu ɗan Abu Sufyan zuwa Sham, ya taka tare da shi yana yi masa wasiyya da abu goma, mace da yaro da tsoho su ne a farko. Ƙaramin almajirin da ya kai babin jihadi a Risala ya san wannan. In haka ne a kan ɗan abokin gaba, ina ga ɗan talakan da aka ɗauki sojan don ya tsare shi?

In wani ya ce, ai an kafa manjaniƙi a Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan hijira, manjaniƙi kuwa babbar majaujawa ce mai jefa dutse bayan ganuwa, ba ta zaɓen wanda za ta faɗa wa. Kuma ga hadisin Sa'abu ɗan Jassama a kan harin dare da ake samun mata da yara a ciki. Sai mu ce masa, gaskiya ne, malamai sun san waɗannan, ba su ɓoye su ba. Amma Zuhuri, wanda ta hannunsa hadisin ya zo, ya ce hani ya biyo bayan wannan. Kuma Ɗa'ifa birni ne na mayaƙa da aka sani, an tsare shi da rana tsaka, an san wa ke ciki. Ba a jefa dutse a kan zato ba. Imaminmu Malik, Allah ya yi masa rahama, ya fi kowa tsanani a nan. An tambaye shi game da jirgin ruwan abokan gaba wanda akwai Musulmi kamammu a cikinsa, ko a jefa masa wuta? Ya ce a'a. Ya kafa hujja da aya ta 25 ta Suratul Fathi, inda Allah ya bayyana cewa ya tsare Musulmi daga shiga Makka da yaƙi a shekarar Hudaibiyya saboda wasu muminai maza da mata da ke cikinta waɗanda ba a san su ba, don kada a tattake su cikin rashin sani. Ku duba da kyau. An dakatar da runduna guda, Annabi yana cikinta, saboda mutanen da ba a ma san sunayensu ba. An kuma ruwaito daga Malik da Auza'i cewa ko da mayaƙa sun fake a bayan mata da yara, ba a harbinsu ta cikinsu.

Shi kuwa manjaniƙi cikin yaƙin Musulmi da Musulmi, tarihi ya nuna mana wanda ya yi shi. Hajjaju ne ya kafa shi a kan duwatsun Makka a shekara ta 73 yana yaƙar Abdullahi ɗan Zubairu, duwatsu suna faɗawa har cikin Harami. Ba wanda ke ambaton wannan a babin koyi.

Ba na cewa aikin soja mai sauƙi ne. 'Ya'yanmu ne, akwai na Gaya a cikinsu, akwai waɗanda aka kawo wa iyayensu labari ba a kawo gawa ba. 'Yan bindiga da 'yan Boko Haram da ke shiga cikin ƙauye su kwana tsakanin mata da yara don su tsira, alhakin farko yana wuyansu, su ne kuma suka kashe yara da gangan ba adadi. Amma laifin ɓarawo ba ya halatta wa mai gadi ya ƙone gida da masu gida. Har dokar da ƙasashe suka ƙulla a Janeba a 1949, da ƙarinta na 1977 a kan yaƙin cikin gida, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta hana a mai da farar hula abin hari. In ba ka tabbata ba, kada ka harba. Wanda ya kuɓuce maka yau kana iya samunsa gobe.

Yanzu mu ɗauka an yi ƙoƙari, an duba, amma abin ya auku, kuskure ne na gaskiya. Mene ne hukunci? Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yanke shi: kaffara a kan wanda ya yi kisan, da diyya da za a miƙa wa magada, sai fa in su suka yafe. Kaffara a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Diyya kuwa a mazhabarmu raƙumi 100 ne ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa, ta mace rabin ta namiji. Dinari dubu, da awon yanzu, zinariya ce giram 4,250. Kuma ku ji wannan da kyau, ya ku almajirai: ba a rage diyya saboda ƙuruciya. Jaririn da aka haifa jiya ya yi kuka, diyyarsa daidai take da ta hakimi. Har cikin da ya zube saboda duka yana da nasa, ushirin diyyar uwarsa.

Wa zai biya? Diyyar kuskure ba a ɗora ta a kan mai kisan shi kaɗai, tana kan aƙilarsa, a biya cikin shekara uku. Wanda ya karanta Muhtasar ya san waɗanda aka fara ambata cikin aƙila su ne ma'abota diwani, watau waɗanda sunansu ke cikin littafin albashi ɗaya da shi, kamar yadda Sayyidina Umar ya tsara wa runduna. Sa'an nan dangi, a ƙarshe baitulmali. Ashe malamanmu sun riga sun yi maganar sojan da ke cin albashin hukuma tun ba a ƙera jirgi ba. Rundunarsa da baitulmalin da ke ciyar da ita, su ne masu biya.

Ga misali daga aikin Annabi kansa. Bayan buɗe Makka ya aiki Halidu ɗan Walidu zuwa Banu Jazima. Mutanen ba su iya faɗin sun musulunta da lafazin da aka saba ba, suka faɗi wata kalma dabam, Halidu ya fahimce ta ba daidai ba, aka kashe wasu daga cikinsu. Da labari ya iso, Annabi bai ce a rufe don kada a karya zuciyar runduna ba. Ya ɗaga hannuwansa a gaban jama'a ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Halidu ya aikata. Sa'an nan ya aiki Sayyidina Ali da dukiya, ya biya jini, ya biya kaya, masu sira suka ce har kaskon da kare ke lasar ruwa a ciki sai da ya biya. Da dukiya ta yi saura, ya tambaye su ko akwai abin da ya rage, suka ce babu, ya bar musu saurar saboda abin da shi bai sani ba su ma ba su sani ba. Halidu kuwa bai fasa zama jagoran yaƙi ba. Amsa laifi da biyan haƙƙi ba su raunana rundunar ba.

To, ku gwada wannan da abin da muke gani. Bayan Tudun Biri manya sun je, an yi addu'a, an yi alkawarin gina gari, an kuwa yi wasu ayyuka a can. Sanatoci suka ce sun ba da albashinsu na wata guda, naira miliyan 109. Allah ya saka wa wanda ya ba da don Allah. Amma ku raba wannan kuɗi ga mutum 85, ku ɗauki rabon mutum ɗaya ku tafi kasuwar Maigatari ran Alhamis, ku ga ko zai sayi raƙumi biyar, balle ɗari. Kuma ko da ya yi yawa, sunansa gudummawa, gudummawa kuwa dabam, diyya dabam. Gudummawa mai bayarwa ne ke yanke ta, a gode masa. Diyya shari'a ce ta yanke ta, bashi ce, ana kiran magada da sunansu a raba musu bisa gado, uwa ta ɗauki nata, uba ya ɗauki nasa. Hanya da ɗakin shan magani haƙƙin gari ne ko ba a kashe kowa ba, ba sa shiga lissafin jini.

A nan ina da magana da mu malamai. Mu ake kira a irin wannan rana, a sa mu gaba, mu ce wa iyaye su yi haƙuri, ƙaddara ce. Haƙuri wajibi ne, ƙaddara gaskiya ce. Amma wanda ya saukar da ƙaddara shi ne ya saukar da ayar diyya. A ranar Uhudu Musulmi suka kashe Yamanu, mahaifin Huzaifa, cikin ruɗani, suna zaton abokin gaba ne, Huzaifa yana kiran ubana ne, ubana ne. Annabi ya nufi biyan diyya, Huzaifa ya yi sadaka da ita ga Musulmi, darajarsa ta ƙaru. Ku lura da jerin abin: an miƙa masa tukuna, sa'an nan ya yafe. Yafewa ta mai haƙƙi ce bayan ya san haƙƙinsa. Malamin da ya ce wa talaka ya yafe, bai gaya masa abin da yake yafewa ba, ya ɓoye ilmi. In kuwa cikin magada akwai maraya ƙarami, ba mai ikon yafe rabonsa, ko waliyyinsa.

Allah ya tsare ƙasarmu ta gabas, ba mu ga wannan a Gaya ko Ajingi ba. Amma a 2025 'yan bindiga sun taɓa Shanono da Tsanyawa a cikin Jihar Kano, inda suka shiga kuwa jirgi yana biye. Yaranmu kuma ba a gida kaɗai suke ba. Da an sauke amfanin gona malamai suke ɗaukarsu zuwa gabas, Yobe da Barno, wasu yamma. Ku duba tsangaya da idon wancan jirgi: bukkoki a bayan gari, wuta tana ci da tsakar dare, mutum hamsin ko ɗari sun kewaye ta. Mutanen Rann an ce ba sa cikin taswira. Saboda haka malamin da ya sauka a wuri, ko zai yi taron dare, sauka ce ko musabaƙa ko walima, ya sanar da mai unguwa da dagaci, su kai ga hakimi da babban ɗan sanda na yankin, in akwai sansanin soja kusa a kai musu a rubuce, a riƙe kwafi. Wannan ba ya ɗauke wa mai harbi nauyin tabbatarwa, ko kaɗan. Amma yana toshe bakin mai cewa ba mu san da su ba. In kuwa ƙasa ta riga ta rikice, malami ba shi da hujjar kai 'ya'yan mutane cikinta, amana ce a hannunsa.

Sa'an nan kowane malami ya yi littafi na almajiransa: sunan yaro, da na ubansa, da garinsu, da mai unguwarsu, da lambar wayar wani nasa. Da ajami ya isa. Ɗaya a hannunsa, ɗaya a bar shi a gida wajen limami. Kun ji yadda ake cewa 85, wani ya ce 120. A Rann soja suka ce 112, shugaban ƙaramar hukumar ya ce 236. Tsakanin waɗannan lambobi akwai mutane da iyayensu, kuma mafi yawan waɗanda ke ɓacewa a lissafi yara ne, domin ba su da katin shaida, ba su da mata ko 'ya'yan da za su zo nema. Alƙali ba ya hukunta diyya ga wanda ba a ambaci sunansa ba. Wanda aka tambaye shi yara nawa ne a hannunka, ya ce Allah ya sani, ya gyara wannan kafin ya sake fita da su.

Abu na ƙarshe na ku ne, ya ku ƙolawa, ku buɗe kunne. Ba duk abin da aka harba ne ke fashewa a ranar ba. Wani yana kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, ya yi tsatsa, ya zama kamar tsohon ƙarfen mota. A watan Janairu 2024, a Gubio ta Barno, almajirai shida suka mutu a wata tsangaya saboda wani abu da aka tsinto cikin ƙarafan da ake tarawa don a sayar wa 'yan gwangwan. Mu kuwa mutanen ƙarfe ne tun asali, an ce maƙeran farko da suka zauna Dala daga Gaya suka tafi neman tama, har yau ɗan ƙasar nan in ya ga ƙarfe a ƙasa kuɗi yake gani. To, in kuna ƙasar da aka yi yaƙi, kuka ga ƙarfe mai kama da kwalba ko tulu ko ɓawon masara, ko mai fiffike a gindi, ko mai waya a jiki, kada ku taɓa, kada ku jefe shi da dutse, kada ku sa shi a wuta don ku ga abin da ke ciki. Ku koma ta sawun da kuka zo, ku gaya wa malam, malam ya gaya wa mai unguwa. Gardi kuma ya riƙa duba buhun yara in sun dawo daga yawo, a waje, nesa da inda ake kwana da inda ake hura wutar karatu.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai zo ba. Malaman Ajingi su kawo littattafan sunayen almajiransu a zama mai zuwa, na Gaya su kai wa limaman unguwanninsu kafin a fara fita ci-rani.